Muryar Anti: Kafin ki taɓa fom ɗin biza, baje takardunku a tabarma

(An rubuta wannan murya saboda waɗanda ba su samu damar saurare ba.)

Assalamu alaikum 'yan gida, ina kwananku. Ƙanwata, na ga saƙonki tun jiya, ina wurin aiki ne shi ya sa ban amsa ba, yanzu na sauko daga aikin dare. Da farko barka da arziki, Allah Ya sanya albarka a aikin da maigidanki ya samu. Ga waɗanda ba su ji ba, ta ce wani kamfani a nan Ingila ya ɗauki maigidanta aikin injiniya na shekara 3, suna son su taho gaba ɗaya, shi da ita da yara uku, sannan akwai yaron da take riƙo, ɗan marigayiya yayarta. Tana tambayar ta ina za su fara, nawa za su tanada, kuma ko su nemi ejan. A nan guruf zan amsa, don na san akwai masu irin wannan niyya da suka yi shiru.

To, ta ina za ku fara? Ki ajiye maganar fom tukuna. Yau ɗin nan, idan yara sun yi barci, ki shimfiɗa tabarma ki baje duk takardun gidanku: fasfo, takardar NIN, takardun haihuwar yara, shaidar aure. Ki ɗauki biro ki bi su ɗaya bayan ɗaya, kina duba suna da ranar haihuwa. Wallahi a nan mutanenmu suka fi yin tuntuɓe. Mu a gida Muhammad da Mohammed da Mamman duk mutum ɗaya ne, A'isha da Aishatu ma haka, ba mai ɗaga kai. Amma ma'aikacin da zai duba takardunku bai san ku ba, bai ci goron ɗaurin aurenku ba, bai zo sunan yaranku ba. Abin da ke kan takarda shi ne kawai ku a wurinsa.

Ni ya faru da ni. A takardar haihuwar 'yata ta biyu an rubuta sunan babanta da sunan kakansa a ƙarshe, a fasfonsa kuma sunan garinsu ne a ƙarshe, kin san yadda ake yi mana a makarantar firamare. Sai da muka yi rantsuwar kotu, muka buga a jarida, muka koma aka gyara. Kusan wata biyu muka ɓata a kan abin da da mun duba tun farko, da tuni an wuce wurin. Kuma takardar haihuwar yara, ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake so, mai sunan uwa da uba. Katin asibiti da katin riga-kafi ba za su tsaya a madadinta ba.

Sai shaidar aure. Da yawanmu an ɗaura mana aure a zaure ko a masallaci, ga waliyyai, ga shaidu, an biya sadaki, an shafa fatiha, shi ke nan ba takarda. Auren ya ɗauru, kuma Ingila tana karɓar auren da ya halatta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi. Amma sai kin nuna shaida. Idan ba ku da ita, ku je kotun shari'a ko masallacin da aka ɗaura a ba ku, da ainihin ranar da aka ɗaura. Idan da Larabci ko Hausa aka rubuta ta, sai an fassara zuwa Turanci, mai fassarar ya sa sunansa da hannunsa da kwanan wata da inda za a same shi. Wasu za su ce muku ku ruga rajista ku sake ɗaura auren kotu don ya fi ƙarfi. Ku yi tunani kafin nan. Auren rajista a dokar Najeriya na mace ɗaya ne, yana da hukuncinsa daban, kuma zai zo da sabon kwanan wata, ga yaro ɗan shekara 10 a gabanku, sai kun koma kuna bayani.

Tunda na taɓo wannan, bari in faɗa saboda wasu a guruf ɗin nan. Mai mata biyu, ɗaya kawai zai iya kawowa a matsayin matarsa. 'Ya'yan wadda aka bari a gida kuma kawo su ba ƙaramin aiki ba ne, domin ƙa'idar ita ce uwa da uba duka suna nan ko suna tahowa tare. Ana ɗaga ƙafa ne kawai idan ɗayan ya rasu, ko an tabbatar cewa mutum ɗaya ne ke ɗauke da duk ɗawainiyar yaron, ko akwai wani dalili mai nauyi ƙwarai. Ke ma wannan ya shafe ki: kar ku ce babban yaro ya bi babansa ya fara makaranta, ke ki taho daga baya da ƙanana. Ko dai ku nema tare, ko shi ya fara zuwa ya kama gida, ke da yaran ku biyo. Ni na fi son na biyun, don samun hayar gida ga mai yara uku a nan sai an sha yawo.

Yanzu maganar da ta fi yi mini nauyi, yaron riƙo. Na san a zuciyarki ba ki bambanta shi da naki, kuma Allah Ya saka miki da alheri da kika riƙe marayan yayarki. Amma dokarsu ba ta san riƙo irin namu ba. Ɗan da kuka haifa ta sani, ko wanda aka mallaka muku ta hanyar da su suka yarda da ita, kuma tun shekarar 2021 suka sa takunkumi na musamman a kan ɗauko yara daga Najeriya ta wannan hanya. Za ki samu mai ce miki, ai abu mai sauƙi ne, a yi masa sabuwar takardar haihuwa da sunanku. Don Allah, don Annabi, kar ki yarda. Idan suka gano an yi musu ƙarya, hanin shiga ƙasar na shekara 10 ne, kuma abin zai iya shafar aikin maigidan da zaman ku duka. Ga shi kuma kin canja wa maraya uba, abin da addininmu ma ya hana. Ku zauna da dangi tun yanzu a san hannun da zai koma, a tsara kuɗin makarantarsa, ki zaunar da shi ki yi masa bayani da bakinki, kar ya tashi da safe ya ga ana ɗaure akwatuna. Idan kuma kuna ganin babu kowa da zai riƙe shi, to wannan lauyan shige da fice mai rajista a nan Ingila za ku nema, ya duba lamarinsa shi kaɗai.

Kuɗi. Ki ɗauko takarda ki rubuta. Bayan kuɗin bizar kanta, wanda kowane mutum ɗaya sai an biya masa har jariri, akwai kuɗin lafiya, kuma shi ne mai karya ƙugu. Tun watan Fabrairun 2024, babba fam 1,035 ne a shekara, yaro ƙasa da shekara 18 fam 776. Ba wata-wata ake biya ba, na shekara ukun duka ake karɓa lokaci guda. Ke da shi fam 3,105 kowannenku, yara uku fam 6,984, jimla fam 13,194. Mu ma'aikatan lafiya an ɗauke mana wannan, amma injiniya yana biya. Maigidan ya tambayi kamfanin ƙarara me za su biya, me za su ranta masa, kar kunya ta hana shi, a nan ba abin kunya ba ne. Kuma ranar da za ku biya ku sake duba shafin gwamnatinsu na gov.uk, don suna yawan ƙara farashi.

Sannan akwai kuɗin da za a gani a asusu: fam 1,270 nasa, 285 naki, 315 na yaron farko, 200 na kowane yaro bayansa. Naki da na yara ya kama fam 1,000 cif. Sai kuɗin sun kwana 28 a jere ba su ragu ko na rana ɗaya ba, kuma ranar ƙarshe ta faɗo cikin kwana 31 kafin ku tura fom. Ku sa fiye da haka saboda hawa da saukar naira. Idan kamfanin ya rubuta a takardar ɗaukar nauyi cewa ya tsaya wa iyalin, kun huta da wannan.

Gwajin tarin fuka dole ne, kuma a inda suka amince kaɗai, kamar cibiyar IOM, wato hukumar kula da ƙaura ta duniya, a Abuja ko Legas. Na asibitin unguwa ba ya aiki. Takardar wata 6 take yi, don haka kar ku yi garaje. Yara ƙasa da shekara 11 galibi likita ne kawai zai duba su, ba hoton ƙirji. Idan hoton ya nuna wani abu sai a karɓi kaki, sakamakonsa kan kai mako 8. Mai juna biyu ta faɗa musu tun a bakin ƙofa, akwai zaɓin da suke bayarwa.

Fom ɗin kowa da nasa, a haɗa da lambar fom ɗin maigidan. Sai ku je a ɗauki hoto da zanen yatsu, 'yan ƙasa da shekara 5 hoto kawai. Yawanci mako 3 amsa ke fitowa. Ejan kuwa, ni ban ga amfaninsa a nan ba. Maigidanki injiniya ne, ke kin yi karatu, ku zauna ku cike abinku. Duk abin da ejan ya rubuta da sunanki, ke za a kama da shi. Ya kuma tabbatar daga bakin kamfanin cewa rukunin aikinsa yana cikin masu iya kawo iyali, don tun Maris 2024 aka hana masu aikin kula da tsofaffi, a Yulin 2025 kuma aka ƙara tsaurarawa ga ayyukan da ba su kai matakin digiri ba.

Abu na ƙarshe, tunda zama mai tsawo kuke nufi. Bizarki a ɗaure take da tasa, ranar da tasa ta ƙare taki ta ƙare. Za ki iya aiki, yara za su shiga makarantar gwamnati kyauta, amma ba ku da haƙƙin tallafin gwamnati. Ƙa'idar da muka sani ita ce bayan shekara 5 a nemi zaman dindindin, sai dai a Mayun 2025 gwamnati ta fito da ƙudurin mayar da shi shekara 10, don haka ku sa ido. Kuma ana ƙirga kwanakin da kika yi a waje, kar su wuce 180 a cikin kowane wata 12. Na faɗi wannan ne saboda mu mata. Sai a tafi gida wankan jego, a ce bari a yi arba'in, daga nan ga bikin ƙanwa, ga azumi, ga salla, kafin ki ankara wata bakwai sun wuce, lissafinki ya rushe. Ɗan da kika haifa a nan ma ba ya zama ɗan ƙasa don kawai a nan aka haife shi, shi ma sai an nema masa takardar zama.

Idan kin gama bajewar, ki rubuto mini ta gefe yadda sunan kowa yake a kowace takarda. Kar ki turo hoton fasfo a guruf. Bari in ɗan runtsa, bayan la'asar ɗinku zan duba in sha Allahu. Ki gaida maigidan da yaran duka huɗu.