Matsafan teku da matsafan hadari a Birtaniya: wanne ɗaliba za ta iya bincike a kai cikin shekara ɗaya

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kin ce kin gama digirin farko a nazarin zamantakewa, kina neman gurbin digiri na biyu a Ingila, kuma kina so kundinki ya kwatanta Turawan zamanin nan masu kiran kansu matsafan teku da masu kiran kansu matsafan hadari. Kina tambayar bambancinsu, da wanda ya fi dacewa da bincike. Shawarata a gajarce: in da mutane za ki zauna ki ga aikinsu da idonki, ki ɗauki na teku. In takardun tarihi za ki tona, na hadari ya fi yawan abin tonowa.

Kafin komai, ki cire hoton mayen gida daga ranki. Waɗannan ba wanda ya zarge su da kama kurwa. Su suka zaɓar wa kansu sunan, kuma yawancinsu ma'aikata ne, malaman makaranta, 'yan fansho, ɗalibai. Tushen harkar a wannan zamani yana komawa ga Gerald Gardner, wanda ya fito fili da addinin da ake kira Wicca bayan an soke dokar hana maita ta 1735 a shekarar 1951. A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales, mutum wajen 74,000 suka rubuta cewa su mabiya addinan gargajiyar Turai ne, wasu wajen 13,000 kuma suka rubuta Wicca. Ƙidayar ba ta raba su zuwa na teku da na hadari ba, kuma da dalili. Waɗannan ba ɗariƙu biyu ba ne masu shugabanni da rajista. Laƙabi ne da ya bazu ta littattafan kasuwa da Tumblr da TikTok, kuma mace ɗaya tana iya amsa duka biyun. Idan kika rubuta a takardar neman gurbi cewa za ki kwatanta "ƙungiyoyi biyu", malamin da ya san fagen zai gane ba ki karanta ba. Ki ce salo biyu ne na aiki.

A tarihi ma ba a rabe suke ba. A 1589 guguwa ta hana jiragen gimbiya Anne ta Denmark isowa wurin angonta, Sarki James na Shida na Scotland. Daga nan aka yi shari'ar North Berwick a 1590, inda aka gana wa wata ungozoma, Agnes Sampson, azaba har ta ce sun jefa kyanwa a teku don tada iska, aka kashe ta a Janairun 1591. Zargi ɗaya ne ya haɗa teku da iska. Haka ma sayar da iska ga matuƙan jirgi: Olaus Magnus, wani malamin coci ɗan Sweden, ya rubuta a 1555 cewa mutanen Finland na sayar da igiya mai ƙulli uku, a kwance na farko a sami iska mai laushi, na biyu mai ƙarfi, na uku kuwa bala'i. A tsibiran Orkney na arewacin Scotland, marubuci Walter Scott ya tarar da wata tsohuwa, Bessie Millie, a 1814 tana sayar wa ma'aikatan jirgi iska a kan sisi. Yau ɓangarorin biyu kowa na cewa igiyar nan gadonsa ce.

Inda suka rabu da gaske shi ne lokaci, kuma nan ne ya shafe ki.

Mai tsafin teku agogonta cikowar teku da janyewarsa. A yawancin gaɓar Birtaniya teku yana cika sau biyu cikin awa 24 da minti 50 ko kusa da haka, shi ya sa lokacin cikar kullum yake ja baya da kusan minti 50. Kwana ɗaya ko biyu bayan wata ya cika, da kuma bayan duhun wata, ana samun babbar cika: ruwa ya hau sosai, ya kuma janye sosai. A rabin wata sai ƙaramar cika. A kan wannan suka ɗora aikinsu. Lokacin da ruwa ke tahowa na jawo abu ne, aiki ko lafiya ko soyayya. Lokacin da yake janyewa na rabuwa da abu ne, sai mutum ya rubuta damuwarsa a kan rairayi ko ya faɗa wa dutse ya jefa. Kayan aikin duk tsintuwa ce daga gaɓa: katantanwa, itacen da teku ya amayo, gilashin da ruwa ya goge, da dutse mai huda a tsakiya, wanda masunta tun da suke ɗaurawa a jirgi don kariya. Ruwan teku da suke ɗiba a kwalba ba ya daɗewa, yakan yi wari saboda ƙananan halittun da ke ciki sun mutu, don haka wasu sukan tace su dafa shi har ya ƙafe. Lita ɗaya tana ba da gishiri wajen giram 35. Waɗanda ke zaune nesa da gaɓa suna jiƙa gishiri a ruwan famfo, kuma ko wannan ya wadatar ko bai wadatar ba muhawara ce da za ta ba ki babi guda.

Duk wannan yana da jadawali, kamar jadawalin lokutan salla da ake mannawa a bangon masallaci. Ana buga na shekara sukutum, ana sayar da ɗan littafinsa a shagunan garuruwan gaɓa. Tun kina gida za ki iya sanin ranar da ƙarfen da za a taru.

Mai tsafin hadari ba ta da wannan gata. Kayanta ruwan sama ne da ta tara a mazubi ta rubuta kwanan wata da irinsa: na tsawa don ƙarfi, yayyafi don kwantar da rai, narkakkiyar dusar ƙanƙara don wanke abin da ya wuce. Akwai feɗuwa don kiran iska, akwai ƙulla igiya yayin da iska ke kaɗawa a ajiye don wata rana. Masu bin tsarin Wicca suna haɗa gabas da iska, kudu da wuta, yamma da ruwa, arewa da ƙasa, don haka sukan kula da inda iskar ta fito. Abin da zai ba ki mamaki shi ne da yawansu ba sa cewa suna juya hadari. Sun fi cewa suna aron ƙarfinsa in ya zo. A tsakaninsu akwai masu ganin kore ruwan sama daga bikinka zalunci ne ga manomin da ke jiransa, kuma wannan gardama ta fi tsafin kansa daɗin nazari a ganina. Matsalar ita ce aikin nasu na mutum ɗaya ne, a bakin taga ko bayan gida, a daren da ba wanda ya san zai zo. Tsawa ba ta da yawa a Birtaniya, ta fi faɗowa a kudu maso gabas lokacin zafi, manyan guguwowin Atlantika kuwa, waɗanda hukumar hasashen yanayi ta fara raɗa wa suna tun 2015, sun fi zuwa daga kaka zuwa hunturu.

Yanzu ki ɗora wannan a kan kalandar karatu. Digiri na biyu a Ingila galibi shekara ɗaya ne. Ana shiga ƙarshen Satumba, darussa su cinye ki har kusan Mayu, a miƙa kundi a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba. Ba ki da izinin yin hira da kowa don bincike sai kwamitin ɗa'a na jami'a ya amince da takardarki, kuma wannan kan ɗauki makonni. Abin da zai rage miki na fita fili bai wuce mako shida zuwa takwas ba, tsakanin Yuni da Yuli. Cikin mako takwas teku zai ba ki babbar cika sau uku ko huɗu ba fashi, ga bikinsu na tsakiyar bazara wajen 21 ga Yuni, ga na fara girbi ranar 1 ga Agusta in kin kai. Hadari kuwa yana iya ƙin zuwa gaba ɗaya, ko ya zo ranar da kike wani gari. Ɗalibin da ya gina kundinsa a kan kallon tsafin hadari yakan ƙare da hirarraki kawai, mutane na ba shi labarin abin da bai gani ba.

Amma a ɗakin karatu lamarin ya juye. Tun wajen 815 babban limamin cocin Lyon a Faransa, Agobard, ya rubuta yana ƙaryata masu cewa wasu mutane na iya saukar da ƙanƙara, yana kuka da manoman da ke ba su wani kaso na amfanin gona. A Jamus, ƙanƙarar da ta lalata gonaki a Agustan 1562 ta jawo kashe mata sama da 60 a garin Wiesensteig, kuma masanin tarihi Wolfgang Behringer ya danganta hauhawar irin waɗannan shari'o'i da sanyin da ya addabi Turai a wancan zamani. Jami'ar Edinburgh tana da rumbun bayanai a intanet, kyauta, na mutum 3,837 da aka zarga da maita a Scotland tsakanin 1563 da 1736. Za ki iya fara tona shi yau daga wayarki. Don tarihin na zamani kuma, aikin Ronald Hutton na Jami'ar Bristol, musamman littafinsa na 1999, shi ne mafari. Zai hana ki haɗiye iƙirarin cewa abin da ake yi yau ya gangaro ne kai tsaye daga matan da aka kashe. A nan za ki haɗu da labarin Gardner cewa a 1940 shi da abokansa sun yi tsafi a dajin New Forest don hana Hitler tsallako teku. Ki rubuta shi a matsayin abin da Gardner ya faɗa, domin daga bakinsa labarin ya fito.

Wurin da ya kamata ki je shi ne Boscastle, ƙauyen gaɓa a arewacin Cornwall, can kudu maso yammacin Ingila, inda gidan tarihin tsafi da Cecil Williamson ya kafa yake tun 1960. Suna da ɗakin karatu da ake shiga da alƙawari, kuma gidan kan rufe a hunturu, don haka ki rubuta musu da wuri. Ƙauyen ba tashar jirgin ƙasa. Daga Landan kusan awa huɗu ne a jirgin ƙasa zuwa tashar Bodmin Parkway, sannan mota, kuma kuɗin masauki a Cornwall yana tashi sosai lokacin zafi. Ranar 16 ga Agustan 2004 ambaliya ta shiga gidan tarihin, lokacin da ruwan sama mai yawa ya gangaro kwarin ya tarar da teku a cike. Ki tambayi masu tsafin yankin yadda suke fassara ranar. Ta fuskar jami'a, Exeter ta buɗe digiri na biyu kan sihiri da ilimin ɓoye a 2024, kuma a cibiyarta ta nazarin Larabci da Musulunci aka ajiye shi, abin da zai sa karatunki na Larabci ya yi miki rana in kina da shi. Ki duba shafinsu ki tabbatar suna ɗauka a shekarar da kike so.

Sai maganar tsira da rai, domin wanda ya tashi nesa da teku ba ya jin tsoronsa yadda ya kamata. A arewacin Cornwall tazarar da ke tsakanin cika da janyewa takan kai mita 6 zuwa 7 a babbar cika. Ruwan ba ya hawa daidai wa daida. In aka raba hawan gida 12, awa ta farko kashi 1 ne, ta biyu 2, ta uku da ta huɗu 3 kowacce, sannan 2, sannan 1. Wato rabin ruwan yana shigowa cikin awa biyun tsakiya, mita ɗaya da rabi a awa guda. Matsafa kuma suna son lungunan da duwatsu suka kewaye, irin waɗanda hanyar fita ke nutsewa kafin rairayin da ake tsaye a kai. Ki shiga lokacin da ruwa ke janyewa, ki san mafitarki, ki fita kafin a yi awa biyu da fara dawowarsa. Ki duba ko jadawalin da ke hannunki ya ƙara awa ɗayan da ake ƙara wa agogo daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, domin wasu ba sa ƙarawa, kuma kuskuren awa ɗaya ya isa. In an maƙale, 999 za ki kira ki ce a ba ki masu tsaron gaɓa. Kada ki shiga ruwan don an ce kowa ya shiga: ƙasa da digiri 15 yana ɗauke numfashi nan take, kuma doguwar riga in ta jiƙe nauyi ce. Kwasar duwatsu ko rairayi daga gaɓa laifi ne a wuraren da ƙaramar hukuma ta hana ƙarƙashin dokar kare gaɓar teku ta 1949, tarar tana iya kai fam 1,000, ko da kin ga masu tsafin suna cika aljihu. In kuwa hadari ne, ki ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da tsawa ki raba da uku, shi ne nisan a kilomita. Ƙasa da daƙiƙa 30 a shiga ɗaki, kuma ba a fitowa sai minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe.

Na san abin da mutanen gida za su fara tambayarki, kuma kina da gaskiya ki damu da imaninki. Ki rubuta a takardar kwamitin ɗa'a cewa ke mai kallo ce kawai, ki faɗa wa masu taron tun kafin ranar. Suna zana da'ira su shiga, kuma a ƙarshe ana zagayawa da ƙoƙon giya da burodi. Ki tsaya wajen da'irar, ba sa jin haushi in an gaya musu da wuri. Tarukan fira da suke yi akasari a mashaya ne, amma kina iya neman a yi hirarki a shagon shayi. Wa'azi kuwa ki bar shi, ba hurumin mai bincike ba ne, kuma dokar daidaito ta 2010 da ke kare hijabinki ita ce ke kare addininsu.

Malamanki za su so ki kawo kwatance daga gida, kuma Sarkin Ruwa na Argungu zai fara zo miki. Ki yi hattara da shi. Sarauta ce da masarauta ta sani, mai riƙe da ita yana aiki ne a madadin masuntan gari, alhali mai tsafin teku a Cornwall galibi daga littafi ta koya kuma don kanta take yi. Sakin layi biyu a gabatarwa ya ishe shi. A wasiƙar da za ki aika wa malamin da kike so ya duba aikinki, ki ambaci gaɓa ɗaya, ranakun babbar cika huɗu da kika ciro daga jadawali, da adadin hirarrakin da za ki iya yi, goma zuwa goma sha biyu, sannan ki ce ɓangaren hadari daga rumbun Edinburgh da hirarrakin nan zai fito.