Amsar Goggo kan littafin ƙarƙashin katifa

Ɗiyata, saƙonki ya iso mani tun ranar Talata. Na jinkirta amsa ne don maganar ba ta tsaye ba ce. Kin ce Innarki ta ɗaga katifa ta ga littafin da kike rubuta abin da ke ranki, ta yi faɗa, ta ce ɗiyar Bahaushe ba ta zazzage cikinta a takarda, wai ɗabi'ar 'yan boko ce. Kina tambaya ko da gaske al'ada ta hana.

Ba ta hana ba. Ko kusa.

Ke da aka haifa a Katsina, ai ba a ce maki rubutu baƙo ne. Kwalejin Katsina da ake tinƙaho da ita, a 1922 aka yi bikin buɗe ta, alhali Wali Ɗan Masani, wanda unguwar Masanawa ke amsa sunansa, ya rasu tun 1667 ya bar littattafai, Wali Ɗan Marina kuma ya bar waƙoƙi. In kuma an ce ai su maza ne, to Nana Asma'u 'yar Shehu fa? Ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, kuma ba wa'azi kaɗai ba. Da ɗan'uwanta Muhammadu Bello ya rasu, da mijinta Giɗaɗo ya rasu, alƙalami ta ɗauka ta yi masu marsiyya, ta faɗi zafin da take ji. Wa ya taɓa cewa ta yi rashin kunya?

Mu dai da allo muka fara. Ina tuna yadda muke kankaro baƙin gindin tukunya mu haɗa da ƙaro mu yi tawada, Malam ya fiƙe mana alƙalamin gamba da 'yar wuƙarsa. Daga babbaƙu sai farfaru, sai hajjatu. Abin da allo ya koya mani wanda ban gane ba sai da na girma shi ne haƙuri: ba a ce maki ki wanke sai kin biya daidai, kuma in kin wanke sai kin jingina shi a rana ya bushe kafin ki sake ɗora masa tawada. In kin yi garaje, rubutun ya jagwalgwale, kowa ya gani.

Bari in gaya maki abin da ko Babanki bai sani ba. Kin san ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane. Nawa ya rasu yana da shekara uku, baƙon dauro ya ɗauke shi. Gida ya cika da 'yan gaisuwa, ni kuwa kara ta hana ni ko share hawaye gaban surukata. Sai a ce "ya haƙuri", in ce "da godiya", shi ke nan. Bayan an yi sadakar bakwai, dare ya raba, na kunna aci-bal-bal, na samu takardar da aka ƙunso mani sukari, na rubuta sunansa da ajami. Sunan da ban taɓa furtawa ba. Na rubuta yadda yake cewa "uwa" in yana son ruwa, da ɗan takalminsa da ke bayan randa. Hannuna na rawa, tawada na ɗiga. Wallahi a daren nan na fara samun barci. Takardar tana nan cikin adakata har gobe.

Saboda haka ba zan ce ki daina ba. Yarinya a shekarunki, abu goma ke yawo a kanta, ba ta san wanda ke damunta ba sai ta jera su ta dube su. Mu da muna da waƙar niƙa da ta daka, mace ta yi habaicinta kan dutse, ranta ya yi sanyi. Yanzu inji ya karɓe niƙa, ku kuma littafi ya rage maku.

Amma ki fahimci Innarki, tsoro ne ya sa ta faɗa. Allo ana wanke shi, waƙar daka iska ke tafiya da ita, takarda kuwa zama take yi ta faɗa hannun wanda ba a yi don shi ba. Na ga auren da wasiƙa ɗaya ta kashe. Don haka naki ki rubuta yadda kike so, amma sirrin gidanku da na ƙawayenki amana ne, ba ki da ikon sa masu tawada. Abin da kika rubuta cikin fushi kuma, ki bari ya kwana uku ki sake karantawa, wani da hannunki za ki yage shi. Kuma kar ki kai shi Facebook, can ba ƙarƙashin katifa ba ne.

Ranar Juma'a bayan la'asar zan shigo, ni zan yi wa Innarki magana, ke kar ki tanka mata. Na sa a sayo maki ƙaramin akwati mai kwaɗo. Zan taho da takardar nan tawa kuma, in ajaminki bai gudu ba ki karanta da kanki.