Hukuncin Amfani da Furotin ɗin Ɗan Adam da Ake Samarwa a Cikin Bakteriya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu. A ɗakin gwaje-gwajenmu muna sayen furotin irin na jikin mutum wanda aka haɗa shi a cikin bakteriyar E. coli, wani lokaci mu haɗa da kanmu. Shin wannan canza halittar Allah ne? Ko cinikin wani sashe na ɗan Adam ne? Kuma tunda asalin bakteriyar daga hanji take, idan ruwanta ya taɓa tufafina zan iya salla da su?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Aikin nan halal ne, sayensa da sayar da shi ma halal ne.

Hukunci a kan abu yana bin fahimtarsa, don haka mu fara da yadda ake yin sa. Ana ɗauko bayanin DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta) da ke tsara furotin ɗin, a saka shi cikin wani ɗan zobe na DNA da ake kira plasmid, a shigar da zoben cikin bakteriya. Sai a rene ta cikin ruwan abinci, ta hayayyafa, a fasa ta, a tace furotin. Abin da ke cikin kwalbarki bai taɓa zama tsoka ko jinin wani mutum ba. Daga mutum tsari kawai aka kwafo, kuma sau da yawa a yau injin ke haɗa DNA ɗin. Saboda haka haramcin sayar da gaɓoɓin ɗan Adam bai hau kansa ba.

Ni a ganina ma wannan hanya ta fi kusa da faɗin Allah a Suratul Isra'i, aya ta 70, cewa Ya karrama 'ya'yan Adam. Kafin 1985, sinadarin girma da ake yi wa yara allura daga kawunan gawarwaki ake ciro shi, har aka dakatar bayan ya sa wa wasu cutar ƙwaƙwalwa mai kisa. Insulin kuwa daga alade da shanu ake samo shi, sai a 1978 kamfanin Genentech ya samar da irin na mutum a cikin E. coli, Amurka ta amince da shi a 1982. Musulmi mai ciwon suga ya huta da shubuha, mamaci ya huta da wuƙa.

Canza halittar da aka zarga a Suratun Nisa'i, aya ta 119, shi ne wanda Shaiɗan ke umarni da shi, kamar tsaga kunnuwan dabbobi don gumaka da ɓata halitta ba da wata maslaha ba. Neman magani yana ƙarƙashin aya ta 29 ta Baƙara, cewa Allah Ya halitta mana duk abin da ke ƙasa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi (OIC), a zamanta na Jidda a 1997, ta haramta kwafar ɗan Adam, wato samar da mutum daga ƙwayar halittar wani don ya zama kwafinsa, amma ta halatta irin wannan fasaha a kan ƙananan halittu da tsirrai da dabbobi cikin iyakokin Shari'a.

Batun tsarki, a mazhabar Malikiyya duk mai rai tsarkakakke ne, kuma shukar da aka shayar da ruwan najasa tsarkakakkiya ce. Gaskiya ne nau'in E. coli da ake kira K-12, wanda ake amfani da shi a ɗakunan gwaji, daga bayan gidan wani majinyaci aka fara ware shi a 1922, amma tun daga lokacin a ɗakunan gwaji ake renonsa. Najasar farko babu ko ɓurɓushinta.

Inda nake so ki lura shi ne ruwan renon. Wasu sinadaransa ana narkar da su ne da abin da aka ciro daga alade. Da yawa daga malamai suna ganin abin da ya rikiɗe gaba ɗaya ya tsarkaka, wasu ba su yarda ba. Ki duba takardar kamfani, idan akwai wanda babu kayan dabba a ciki ki zaɓe shi. Idan babu, aikinki ya halatta, domin ba ci ake yi ba. Ki cire rigar aiki da safar hannu, ki wanke inda ruwan ya taɓa, ki yi sallarki ba tare da waswasi ba.

Sharaɗi shi ne manufar binciken ta zama amfani, kuma ki kashe bakteriyar da zafi kafin zubarwa kamar yadda ƙa'idar aikinku ta tanada, domin cutar da mutane haramun ne.

Wallahu a'alam.