Me ya fi kayar da jiragen sama a shekarun baya: inji ne ko matuƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk sanda aka ba da labarin hatsarin jirgin sama, abin da na fi ji a bakin mutane shi ne "inji ne ya mutu", wasu kuma su ce laifin matuƙi ne. Don Allah a fayyace mini: daga shekarun 1950 zuwa yau, me ya fi jawo hatsarin da ake asarar rayuka, kuma wane mataki aka ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bari mu fara da injin, tunda shi ya fi yawo a bakin jama'a. Mutuwar inji ita kaɗai ba kasafai take kayar da babban jirgin fasinja ba. Ba a ba jirgi mai inji biyu lasisi sai an tabbatar zai iya ci gaba da tashi da inji ɗaya, ko da ɗayan ya mutu ne ana tsakiyar gudu a kan titi. Ko duka biyun suka tsaya, jirgin ba ya rikitowa kamar dutse. Daga tsayin kilomita 10 yana iya lilo sama da kilomita 100 kafin ya taɓa ƙasa. A 2009 tsuntsaye sun kashe injina biyu na wani Airbus A320 a New York, ya sauka a kan kogin Hudson, mutum 155 da ke ciki duk suka tsira. Inda matsalar inji ta yi kisa, galibi za ka tarar wani abu ya biyo baya. A Kegworth ta Ingila, a Janairun 1989, injin hagu ne ya lalace a wani Boeing 737, matuƙan suka kashe na dama mai lafiya, mutum 47 suka rasu.

Wannan shi ne abin da masu bincike suke ta gani tun da aka fara: ƙananan abubuwa uku, huɗu, biyar ne suke haɗuwa a rana ɗaya, waɗanda da ɗaya daga ciki bai faru ba, da jirgin ya sauka lafiya. Sai dai irin abubuwan da suke haɗuwar sun sauya daga zamani zuwa zamani.

A shekarun 1950 jikin jirgin ne kansa yake cin amana. Comet na Birtaniya, jirgin fasinja na farko mai injin jet, guda biyu sun tarwatse a sama cikin wata uku a 1954, ɗaya kusa da tsibirin Elba, ɗaya kusa da Naples a Italiya. Jirgi idan ya hau mita 10,000 ko fiye, ana cusa iska a cikinsa don fasinja su ji kamar suna tsayin mita 2,000 da 'yan kai, wato kowane tashi jikinsa yana ɗan kumbura, kowace sauka yana ɗan motsewa. Masu bincike a Farnborough ta Ingila suka tsoma gangar jikin wani Comet a ƙaton tankin ruwa suna ƙara matsi suna ragewa, bayan zagaye kimanin 3,000 ƙarfen ya tsage daga kusurwar wata kafa da aka yanka a jikinsa. Ita ce gajiyar ƙarfe, irin yadda waya take karyewa idan ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. Daga nan aka koyi zagaye kusurwoyi, da ƙirga shekarun jirgi da yawan tashi da saukarsa, ba da awannin tafiya kawai ba.

Gyara marar kyau ya fi wannan zafi, domin shi an san ƙa'idar, an dai kauce mata ne. Jirgin Japan Airlines mai lamba 123, wani Boeing 747, ya taɓa buga jelarsa a ƙasa wajen sauka a 1978, bangon baya da ke riƙe matsin iskar ɗakin fasinja ya lalace. Ƙa'idar gyaran ta ce a haɗa tsohon ɓangare da sabo da faranti guda, yadda layi biyu na ƙusoshi za su raba nauyin. Masu gyaran suka raba farantin gida biyu, sai ya zama a wani wuri layi ɗaya ne tak yake riƙe. Daga waje ba abin da ido zai gani. Jirgin ya yi tashi sama da 12,000 a haka, tsaga tana ci daga ramin ƙusa zuwa ramin ƙusa. Ranar 12 ga Agusta 1985, minti 12 da barin Tokyo, bangon ya fashe, iskar ta fizge mafi yawan jelar da ke tsaye, ta tsinka duka layuka huɗu na man haidirolik da suka bi ta wurin, man da ke kai motsin sitiyari zuwa fukafukai da jela. Sitiyari ya zama ba shi da amfani. Matuƙan suka yi kusan rabin awa suna juya jirgin da ƙara wa injina wuta da ragewa kawai, kafin ya bugi dutse. Mutum 520 suka rasu, huɗu suka rayu. Har yau babu hatsarin jirgi guda da ya ci rayuka kamarsa.

Ko taya ma ta isa. A Jidda, ranar 11 ga Yuli 1991, wani DC-8 ɗauke da alhazai ya tashi da tayoyi waɗanda iskarsu ba ta kai ƙa'ida ba. Taya mai ƙarancin iska tana jibga nauyinta a kan maƙwabciyarta, ta yi zafi ta fashe. Haka aka yi ana gudu a kan titi, ƙarfen ƙafar ya yi ta gurzar kwalta har wuta ta kama, matuƙan ba su sani ba suka naɗe ƙafafun zuwa cikin jirgin da wutar a jiki. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya fita.

Maganar wuta kuwa, abin da yake kisa yawanci hayaƙi ne da jinkiri. A Riyad a 1980, jirgin Saudiyya ya dawo ya sauka lafiya da gobara a ma'ajiyar kaya, amma ba a tsayar da shi nan take an buɗe ƙofofi ba, mutum 301 suka mutu a ciki yana kan ƙasa. Na'urar jin hayaƙi a banɗaki, fitilun ƙasa masu nuna hanyar fita, da kujeru masu wuyar kama wuta, duk bayan gobarorin shekarun 1980 aka wajabta su.

Yanzu sai mu zo kan "laifin matuƙi". Wannan kalma ba ta gamsar da duk wanda ya san aikin, domin ba ta gaya maka dalilin da ya sa ƙwararren mutum ya yi abin da ya yi ba. Dubi abin da ya faru a tsibirin Tenerife na ƙasar Spain, ranar 27 ga Maris 1977. Bam ya tashi a filin jirgin Gran Canaria, tsibirin da ke maƙwabtaka da shi, aka karkatar da jirage zuwa ƙaramin filin Los Rodeos da ke Tenerife, ya cika maƙil, har sai da jirage suka riƙa bin titin tashin kansa don su isa bakinsa. Hazo ya rufe wurin, hasumiyar da ke ba jirage umarni ba ta ganin jiragen, ba ta kuma da radar ƙasa. Kyaftin na wani jirgin kamfanin KLM na Holland yana cikin manyan masu horar da matuƙa a kamfaninsa, kuma yana cikin matsin lokaci saboda dokar awannin aiki. Aka karanta masa hanyar da zai bi bayan ya tashi, ya ɗauka izinin tashi ne, ya tura wuta. Hasumiya ta ce ya dakata, a daidai wannan daƙiƙar matuƙan wani jirgin kamfanin Pan Am na Amurka suka danna rediyo suna cewa har yanzu suna kan titi. Muryoyin biyu suka haɗu, abin da ya isa kunnen KLM ƙara ce kawai. Injiniyan jirgin ya tambaya ko Pan Am ya bar titi, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, ba wanda ya sake magana. Jirage biyu ƙirar 747 suka yi karo, mutum 583 suka rasu.

Ka lura da wannan shirun na ƙarshe. Shi ne ciwon shekarun 1970: ƙarami yana ganin haɗari amma nauyin babba ya hana shi nacewa, ko kuma kowa ya duƙufa kan abu ɗaya a bar tuƙi ba mai kula. A Disambar 1972, ƙwan fitilar da ke nuna ƙafar gaba ta sauka ya ƙone a wani jirgin kamfanin Eastern da ke shirin sauka Miami ta Amurka. Ƙafar lafiyarta ƙalau. Mutanen ɗakin tuƙi duka suka taru a kan ƙwan, wani ya ɗan taɓa sitiyari, na'urar da ke riƙe tsayi ta saki, jirgin ya yi ta zamewa ƙasa cikin duhu daga ƙafa 2,000 har ya faɗa fadama. Mutum 101 suka rasu. Maganin da aka samo horo ne, wanda aka fara a farkon shekarun 1980: a kowane lokaci a san wanda yake tuƙi da wanda yake sa ido, mataimaki ya faɗi abin da ya gani a fili ya maimaita in ba a ji ba, kyaftin kuma ya nemi ra'ayi. A rediyo ma an ware kalmar "tashi" ba a furta ta sai wajen ba da izini ko soke shi, kuma dole matuƙi ya maimaita umarnin da aka ba shi. A ganinmu babu wata na'ura da ta ceci rayuka fiye da wannan sauyin ɗabi'a.

Akwai wani nau'in da ya daɗe yana kan gaba wajen kisa: lafiyayyen jirgi, matuƙa suna riƙe da shi, su kai shi ga dutse ba su sani ba, saboda dare ko gajimare ko kuskuren hanya. A tsakiyar shekarun 1970 Amurka ta wajabta na'urar gargaɗin kusantar ƙasa, amma ta farkon ƙarƙashin jirgi kawai take aunawa, ba ta ganin dutsen da ke gaba. A Cali ta Kolombiya, a Disambar 1995, matuƙin wani Boeing 757 ya danna harafin R a kwamfutar hanya yana nufin tashar da ke gabansa, kwamfutar ta zaɓi wata da ke wajen Bogota, jirgin ya juya cikin duwatsu. Gargaɗin ya zo saura kimanin daƙiƙa 12. Suka tura wuta suka ɗaga hanci, amma suka manta birkin iskar da ke buɗe a kan fukafukai. Mutum 159 suka rasu. Na'urar yanzu tana ɗauke da taswirar duwatsun duniya tana haɗa ta da GPS, tana gargaɗi tun da sauran lokaci, kuma irin wannan hatsari ya ragu ƙwarai a jiragen da suke da ita.

Karo a sama ma haka: na Grand Canyon a 1956 ya ci mutum 128, ya kai ga kafa hukumar jiragen sama ta Amurka a 1958, na kusa da Delhi a 1996 ya ci 349. Yau jiragen da kansu suke magana da juna ta na'urar TCAS, ta ce wa ɗaya ya hau, ɗaya ya sauka. Bayan karon Überlingen a Jamus a 2002, inda wani matuƙi ya bi mai hasumiya ya saɓa wa na'urar, aka tsayar da doka cewa umarnin na'urar ne a gaba.

Yanayi yana da nasa kason, musamman iskar da take tsirgowa ƙasa daga cikin hadari ta bazu. Jirgi mai sauka yakan fara jin iska daga gaba, gudunsa ya ƙaru, matuƙi ya rage wuta, cikin ƙiftawar ido iskar ta koma daga sama sannan daga baya, ya rasa abin da zai ɗauke shi. Ita ta kayar da jirgin Delta a Dallas a 1985. Sai ƙanƙara: siririn ɓawonta a kan fiffike ya isa ya rage ɗaukarsa, shi ya sa ake fesa wa jirgi ruwan narkar da ita kafin tashi, a kuma sake in ya daɗe a layi. Bam da harbi, irin na Lockerbie a 1988 da ya ci mutum 270, wannan babi ne daban na tsaro.

Da aka toshe waɗancan ƙofofin, abin da ya rage a sahun gaba shi ne jirgi ya kuɓuce wa matuƙi a sama, kuma sau da yawa abin yana farawa ne daga ma'auni mai ƙarya. A jikin jirgi akwai 'yan bututu masu fuskantar gaba, su suke auna gudu. Ranar 1 ga Yuni 2009, ƙanƙara ta toshe su a jirgin Air France 447 daga Rio zuwa Paris. Toshewar ba ta kai minti ɗaya ba, injina kuma lafiya lau. Na'urar tuƙi ta saki jirgin, matuƙin da ke riƙe ya ja hanci sama. Fiffike yana ɗaukar jirgi ne muddin iska tana bin bayansa a lafe. Idan hanci ya ɗagu fiye da kima, iskar ta rabu da shi, ɗauka ta ƙare, kuma maganin shi ne a tura hanci ƙasa, abin da jikin mutum yake ƙi idan ya ga yana faɗuwa. Ƙararrawa tana ta kuka, jirgin ya yi kimanin minti uku da rabi yana gangarowa har ya bugi tekun Atilantika da mutum 228. Sai a 2011 aka ciro baƙaƙen akwatunan da ke naɗar bayanan tafiyar jirgin da muryoyin matuƙa daga zurfin kusan mita 4,000. Tun daga nan aka mayar da hankali kan koya wa matuƙa tuƙi da hannu a can sama, da fitar da jirgi daga wannan hali a na'urar kwaikwayo.

Hatsarin Boeing 737 MAX guda biyu, na Indonesiya a Oktoban 2018 da na Habasha a Maris 2019, sun nuna ɗaya fuskar matsalar. An sa wa jirgin manhaja mai suna MCAS da ke tura hanci ƙasa idan ta ji ya ɗagu da yawa, amma da ma'auni guda take aiki, kuma kafin hatsarin farko ba a sanar da matuƙa da ita ba. Ma'aunin ya yi ƙarya, manhajar ta yi ta tura hanci ƙasa tana maimaitawa, mutum 346 suka rasu a jiragen biyu. An dakatar da jirgin a duk duniya, Amurka ba ta sake ba shi izini ba sai a Nuwambar 2020, bayan an gyara manhajar ta riƙa gwada ma'auni biyu, ta kashe kanta idan suka saɓa, ta tura sau ɗaya kawai, kuma da ƙarfin da matuƙi zai iya rinjaya da sitiyari.