Yadda ake fitar da LDL daga takardar gwajin jini

Malam, ka ce takardarka ta nuna jimillar kolestarol 210, HDL (kolestarol mai amfani) 45, tiraigilisarid (wani nau'in kitse a cikin jini) 150, amma babu LDL (kolestarol mai cutarwa idan ya yi yawa). Yawancin ɗakunan gwaji ba sa auna shi kai tsaye, lissafa shi suke yi da ƙa'idar Friedewald ta 1972: a cire HDL daga jimillar, sannan a cire kashi ɗaya bisa biyar na tiraigilisarid. Naka ya zama 135, idan alƙalumanka a ma'aunin mg/dL suke.

Sai dai ka duba ma'aunin, domin idan mmol/L ne, da 2.2 ake rabawa maimakon biyar. Idan kuma tiraigilisarid ya haura 400 mg/dL, lissafin ba ya aiki, gara likita ya sa a auna LDL kai tsaye.