Hoton naka ne, amma wa ke riƙe da kwafinsa? Tambayoyinku kan sirrin bayanai a Facebook da WhatsApp

Assalamu alaikum Malam. Ana ta yaɗa wani rubutu cewa daga gobe Facebook zai mallake hotunanmu, sai wanda ya kwafi sanarwar "ban ba da izini ba" ya liƙa a shafinsa. Ni dai na liƙa. Na tsira ke nan? (Daga Gusau)

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ba ka tsira daga komai ba, ba kuma abin da zai same ka gobe. Wannan rubutun tsoho ne, tun wajen 2012 yake zagayawa, riga kawai ake sauya masa. Abin da ke tsakaninka da kamfanin shi ne yarjejeniyar da ka amince da ita ranar da ka buɗe shafin, kuma ɓangare ɗaya ba ya sauya yarjejeniya shi kaɗai. Kamar ɗan haya ne ya ɗauki gawayi ya rubuta a jikin ƙofa cewa daga yau ya rage kuɗin haya.

Ga abin da yarjejeniyar ta ƙunsa. Hoto da bidiyo da rubutun da ka ɗora naka ne, haƙƙin mallakarsu bai koma hannun kowa ba. Sai dai ka ba kamfanin lasisi: ya ajiye, ya kwafa, ya rarraba, ya rage girma ko ya sauya fasali, ya fassara, ya nuna a ko'ina a duniya, ba tare da ya biya ka ko kwabo ba, kuma yana iya miƙa wannan izinin ga kamfanonin da ke yi masa aiki. Wani ɓangare na wannan dole ne, domin hoton sunan ɗanka ba zai bayyana a wayar ƙanwarka da ke Jidda ba sai an kwafe shi zuwa rumbunan adana bayanai da dama. Lasisin yana bin saitin da ka zaɓa, wato abin da ka taƙaita wa abokai ba a baje shi ga duniya, kuma yana ƙarewa idan an goge abin daga rumbunsu.

Amma fa hoton ba shi ne hajar ba. Abin da ke kawo musu kuɗi shi ne sawun da kake bari: daƙiƙa nawa ka tsaya a kan bidiyon shadda, ƙarfe nawa kake kwanciya, wace irin waya kake riƙewa, daga wane gari kake shiga, shafin wa kake leƙawa ba ka cewa uffan. Da wannan ake gina siffarka a sayar wa masu talla damar isa gare ka. Dokar haƙƙin mallaka ba ta shafi wannan ba, dokar kare bayanai ce ke magana a kansa. A Najeriya ita ce dokar da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC. Ta ba ka 'yancin neman kwafin abin da aka tara a kanka, da neman a gyara kuskure, da neman a goge, da janye amincewarka. Kuma ba maganar fatar baki ba ce kawai: a watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp da Instagram, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kotun sauraron ƙorafin irin waɗannan hukunce-hukunce ta tabbatar da tarar a watan Afrilun 2025.

Maimakon liƙa sanarwa, yi wannan. A manhajar Facebook shiga Settings, sai Accounts Center, sai Your information and permissions. A nan za ka ga wurin sauke kwafin bayananka, da kuma Your activity off Meta technologies. Buɗe na biyun. Jerin manhajoji da shafukan intanet ne da ke aika wa Facebook rahoton abin da ka yi a wajensu, ko da ba ka buɗe Facebook ɗin ba a lokacin. Akwai maɓallin share tsohon jerin da na cire haɗin nan gaba. Sunayen wuraren nan suna ɗan sauyawa idan an sabunta manhajar, amma dukansu a ƙarƙashin Accounts Center suke.

Na goge wani hotona tun bara, sai ga shi jiya a wani shafin barkwanci. Ashe ba sa gogewa? (Wata 'yar uwa daga Zariya)

Suna gogewa, 'yar uwa, amma kwafin da ke hannunsu kaɗai. Rubutu ko hoton da kika goge daga shafinki yakan zauna kwana 30 a kwandon shara kafin ya tafi, share shi daga rumbunansu kuma yana iya ɗaukar har kwana 90. Wanda ya riga ya sauke hoton a wayarsa ko ya ɗauki hoton allo, wannan kwafin ya fita daga ikon kamfanin, ya fita daga naki. Saƙon da kika tura wa wani ta Messenger ma yana nan a akwatinsa ko da kin rufe shafinki gaba ɗaya.

Abin yi shi ne ki kai ƙarar hoton ta ɗigo ukun da ke samansa. In ke kika ɗauke shi da wayarki, akwai fom na musamman na ƙorafin haƙƙin mallaka a sashen taimako na Facebook, kuma ya fi ƙarar gama-gari ƙarfi, domin doka ta tilasta musu duba shi. In kuwa hoton tsiraici ne ake yi miki barazana da shi, kada ki biya ko sisi, mai karɓa ba ya ƙoshi. Ki adana hoton allon barazanar, sannan ki shiga StopNCII.org. Shafin ba ya karɓar hoton kansa: a cikin wayarki yake fitar da wata lamba ta musamman daga hoton, kamar zanen yatsa, ita ake aika wa Facebook da Instagram da TikTok da sauran kamfanonin da ke cikin tsarin su riƙa tare duk hoton da ya dace da ita. Na masu shekara 18 zuwa sama ne. Ga waɗanda ba su kai ba akwai makamancinsa mai suna Take It Down.

Malam, da gaske ne WhatsApp ba ya iya karanta saƙonninmu? (Daga Maraɗi)

Da gaske ne. Tun watan Afrilun 2016 saƙo yakan fita daga wayarka a kulle, mabuɗinsa kuma yana wayar wanda ka aika wa ne kaɗai. Sai dai ƙofa a kulle ba ta hana a shigo ta taga, kuma tagogin guda huɗu ne.

Ta farko ajiyar ko-ta-kwana da ake turawa Google Drive ko iCloud. Ita ba ta cikin wancan kullen sai ka kunna da hannunka. Shiga Settings, sai Chats, sai Chat backup, sai End-to-end encrypted backup, ka sa kalmar sirri ko ka karɓi mabuɗi mai alamomi 64. Ka rubuta a takarda ka ɓoye, domin in ka manta kuma wayar ta ɓace, WhatsApp kansa ba zai iya buɗe maka ba.

Ta biyu, abin da ke bayan ambulan. Ba su ga wasiƙar ba, amma sun san lambarka, da lambobin da ka ba su izinin gani, da sunayen zaurukan da kake ciki da hotunansu, da irin wayarka, da adireshin intanet ɗin da kake shiga da shi. Haka kuma idan wani ya kai ƙararka, saƙonninka biyar na ƙarshe gare shi ana tura su ga kamfanin.

Ta uku na'urorin da aka haɗa. Wanda ya riƙe wayarka a buɗe na minti ɗaya, a wurin caji ko wurin gyara, yana iya haɗa WhatsApp ɗinka da kwamfutarsa ya riƙa karanta komai. Duba Linked devices. Duk na'urar da ba ka gane ba, danna ta ka fitar da ita.

Ta huɗu ita ce ta fi ba ni haushi, domin mu muke buɗe ta da kanmu: GB WhatsApp da 'yan uwansa. Ba kamfanin ya yi su ba, ba wanda ya san abin da aka cusa a ciki, kuma ana rufe layin mutum saboda su. Don ka ga saƙon da aka goge, ka miƙa duk hirarka ga wanda ba ka san ko sunansa ba.

Ƙarin abu ɗaya: hoton da ka tura ta hanyar da aka saba, WhatsApp yana matse shi ya cire bayanan da ke ɓoye a jikinsa. Wanda ka tura a matsayin fayil, don kada ingancinsa ya ragu, yana tafiya da komai, har da daidai wurin da aka ɗauke shi in kyamararka tana adana wuri. Masu sayar da kaya daga gida su lura.

Ni tela ne. Wani kwastoma ya nuna min cewa in na kira shi "Tela Maƙaryaci" ke fitowa a Truecaller, alhali ban taɓa sauke manhajar ba. (Daga Kano)

Allah ya ba da haƙuri, maigida. Ba sai ka sauke ta ba. Sunayen da take nunawa suna fitowa ne daga wajen masu amfani da ita, wato yadda suka adana lambarka ko sunan da suka ba da shawara a sa mata. Da alama wani da ɗinkin sallarsa ya makara ne ya huce a kanka. Hanya biyu ce. Ko dai ka sauke manhajar, ka yi rajista da layin, ka rubuta sunan da kake so, ko ka shiga truecaller.com/unlisting ka sa lambar da +234 a gabanta ka nemi a cire ta. In kana da asusu a wurinsu, sai ka fara rufe shi. Cirewar takan ɗauki kamar awa 24.

Muna hira da abokina kan batirin sola, ko awa biyu ba a yi ba na ga tallansa a Instagram. Wayar tana sauraronmu ne? (Daga Jos)

Kamfanin Meta ya sha musantawa, har shugabansa Mark Zuckerberg ya musanta a gaban majalisar dattawan Amurka a watan Afrilun 2018. Ba sai ka yarda da shi ba, kana iya gwadawa. Daga Android 12 zuwa sama, ɗigo kore yana bayyana a saman allo duk lokacin da wata manhaja ta kunna makirfo ko kyamara. A iPhone ɗigon makirfo ruwan lemo ne. A Android ɗin kuma akwai Privacy dashboard, wanda ke nuna manhajojin da suka taɓa makirfo cikin awa 24 da suka wuce, da lokacin da suka taɓa.

Gaskiyar magana ba sa buƙatar kunne. Abokinka ya yi kwana uku yana binciken farashin batiri, kuna abota a shafin, lambarka tana wayarsa, wataƙila ma da datarsa ka jona a ranar. Ga shi lokacin zafi ne, masu sayar da sola suna ta zuba talla ga maza masu irin shekarunka a garinku. Tallace-tallace ɗari sun wuce ka yau ba ka kula ba, wanda ya dace da hirar ne ya tsaya maka a rai. Don rage bibiyar, shiga Settings na wayar, sai Google, sai Ads, ka goge lambar talla ta wayar. Mai iPhone ya shiga Privacy & Security, sai Tracking, ya kashe.

Na ci bashi a wata manhaja, na makara da kwana biyar, sai suka tura wa surukina da limamin unguwarmu saƙo cewa ni ɓarawo ne. Ina suka samu lambobin? (Daga Kaduna)

Daga wayarka, ranar da manhajar ta nemi izinin ganin lambobi ka danna Allow. A take ta kwashe su zuwa rumbunsu. Tun 31 ga Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane, shi ya sa marasa gaskiyar suka koma aiko da mahaɗi ta saƙo a sauke su ta bayan gida. Shiga Settings, sai Apps, ka zaɓi manhajar, sai Permissions, ka janye komai. Wannan zai hana gaba ne, abin da suka kwasa ya riga ya tafi. Ka nemi waɗanda aka tura wa saƙon su ba ka hoton allo mai nuna lambar da ta aiko da kwanan wata, ka kai ƙorafi a rubuce ga FCCPC da NDPC. Bashin dai yana nan a wuyanka, amma bin bashi bai ba kowa damar amfani da lambobin mutanen da ba su ci ba su sha ba.

Na yar da tsohon layina shekara biyu da suka wuce. Yanzu an ce wani ne ke amfani da shi. Akwai matsala? (Wata Hajiya daga Katsina)

Akwai, Hajiya, in shafinki na Facebook yana ɗaure da layin har yanzu. Kamfanonin waya suna sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kuma sabon mai shi yana iya danna "na manta kalmar sirri", lambar tabbatarwa ta shigo wayarsa. Ki shiga Accounts Center, sai Personal details, sai Contact info, ki ƙara sabuwar lambarki, ki tabbatar da ita, sannan ki goge tsohuwar. Ki yi haka a Gmail da TikTok, ki kuma je banki a sauya lambar da ake turo miki sanarwar shigar kuɗi.

Ta ɓangaren WhatsApp hankalinki ya kwanta. Tsofaffin saƙonni a waya suke, ba sa bin layi, kuma idan asusu ya yi kwana 45 ba a taɓa shi ba sannan aka kunna lambar a wata waya, kamfanin yana share tsohon hoto da bayanan mai shi. Abin da ya rage shi ne 'yan uwan da har yanzu ke da tsohuwar lambar da sunanki, ki sanar da su su goge kafin wani ya tura wa baƙo hotunan biki. Nan gaba in za ki sauya layi, ki yi tun tsohon yana hannunki: Settings, sai Account, sai Change number, ki sa tsohuwar lamba a sama, sabuwa a ƙasa, ki zaɓi a sanar da mutanenki.