Na sayi gida a Bronx da 'yar haya a ciki, zan iya fitar da ita?

Tambaya: Barista, shekara 22 ina tuƙin tasi a New York. Ni da ƙanena muka haɗa kuɗi, muka ci bashin banki, muka sayi gida mai hawa uku a unguwar Mott Haven da ke Bronx, daga hannun wani kamfani da ya gyara shi. Hawa biyu na sama an sabunta su fes. Na tare a ɗaya da iyalina, ɗayan na ba da haya. A hawan ƙasa akwai wata dattijuwa da ta shekara 19 a ciki, tana biyan abin da bai kai rabin hayar unguwar ba a yanzu, kuma ba ta da takardar haya. Can ƙarƙashin ƙasa akwai wani saurayi a ɗakin da aka yi wa kicin da banɗaki. Dillali ya ce tunda ba ta da takarda, wata ɗaya kawai za mu ba ta. Na faɗa mata da baki, ta ce ba inda za ta. Ƙanena na son tarewa a wurin. Wani aboki ya ce in canza kwado ran da ta tafi asibiti. Gidana ne, da guminmu muka saya. Me doka ta ce?

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya alheri a gidan. Ban ga takardunka ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne a kan abin da ka rubuto, kuma takarda ɗaya tana iya sauya rabinsa. Amma akwai abu guda da ba ya jiran takarda: kada ka taɓa kwadon nan. A jihar New York, tun daga dokar kare 'yan haya ta watan Yunin 2019, korar mutumin da ya zauna a gida bisa halal kwana 30 ko fiye ba tare da umarnin kotu ba laifi ne da ake iya kama mutum a kai, ban da tarar da ke kamawa daga dala 1,000 zuwa 10,000. Canza kwado, fitar da kaya, cire ƙofa, yanke ruwa ko wuta, duk a ƙarƙashin wannan suke. Haka ma kashe na'urar ɗumama gida tsakanin 1 ga Oktoba da 31 ga Mayu. Abokin da ya ba ka shawarar ba shi za a kira gaban alƙali ba.

Na fahimci inda tunaninka ya fito. A gida, mai gida ya ce tashi, ɗan haya ya roƙi alfarmar wata biyu, mai unguwa ya sa baki, magana ta ƙare. A nan ba haka abin yake ba. Ranar da ka sa hannu ka karɓi takardar mallaka, ka gaji wanda ya sayar maka a duk abin da ke tsakaninsa da mutanen da ke ciki. Sayar da gida ba ya kashe haya. Rashin takarda kuma ba ya mai da dattijuwar nan baƙuwa. Wanda yake biya wata-wata ana karɓa, ɗan haya ne a idon doka, kuma tsawon zamansa shi ke yanke tsawon notis: kwana 30 ga wanda bai cika shekara ba, 60 ga mai shekara ɗaya zuwa biyu, 90 ga wanda ya haura shekara biyu. Ita tana da kwana 90, a rubuce, a isar mata ta hanyar da doka ta tsara. Maganar baki da ka yi mata ba ta fara ƙirga ko kwana ɗaya ba. Dillalin da ya ce maka wata ɗaya, ko dai ya tsaya a dokar da ta wuce, ko kuwa la'adarsa ce a gabansa.

Ko kwana 90 ɗin ma ban ce sun ishe ka ba, domin akwai tambayar da ta fi notis nauyi: shin gidan nan yana ƙarƙashin tsarin ƙayyade haya, wato tsarin da doka ke iyakance ƙarin kuɗin haya, take kuma ba ɗan haya haƙƙin ci gaba da zama? A ƙa'ida tsarin ya shafi gine-ginen da aka yi kafin 1974 masu gida shida ko fiye, kuma naka uku ne, sai ka ce ka tsira. Wataƙila haka ne. Sai dai gidajen bulo irin na Mott Haven, waɗanda da yawansu an gina su tun ƙarshen ƙarni na 19, sun sha sauyi. A shekarun da unguwar ta talauce, an yanyanka wasunsu ɗaki-ɗaki ana ba gwauraye haya, kowa da kwadonsa, banɗaki ɗaya a baranda. Kotunan New York sun sha yanke cewa ginin da ya taɓa kai gida shida a lokacin da dokar ta hau kansa, ko da wasu ɗakunan ba bisa ƙa'ida aka yi su ba, ba ya fita daga tsarin don kawai an rushe bango an mai da shi uku. Akwai hanyar fita ta gyara mai zurfi, inda aka sauya aƙalla kashi 75 cikin 100 na kayan aikin ginin, irin su famfo, wayoyin wuta, rufi da na'urar ɗumama, a ginin da ya lalace ƙwarai ko kusan babu kowa a ciki. Amma fenti, tayil da sabon kicin a hawa biyu, alhali tsohuwa na zaune a ƙasa ba a taɓa ɗakinta ba, wannan ya fi kama da gyaran fuska. Ni dai wurin da ya fi tsaya mini a wasiƙarka ke nan: me ya sa kamfanin da sana'arsa ke nan ya gyara hawa biyu ya bar ɗaya, ya sayar da gidan da ita a ciki? Mai yiwuwa ya gwada ya kasa.

Idan ta tabbata tana cikin tsarin, lissafinka ya sauya gaba ɗaya. Ba za ka ƙi sabunta mata haya ba sai da dalilin da doka ta lissafa. Dalilin cewa ɗan'uwa zai zauna yana nan, amma tun 2019 an taƙaita shi ga gida ɗaya tak, kuma sai an nuna buƙata ta gaggawa. Ƙari a kan haka, wanda ya kai shekara 62, ko ya zauna shekara 15, ko yake da naƙasa, ba a tashinsa ta wannan hanya sai an sama masa wuri makamancin nasa a kusa, a kan kuɗi ɗaya ko ƙasa da haka. Shekara 19 ɗinta kaɗai ta isa. Kuma idan masu gidan na baya sun karɓi fiye da ƙa'ida a wurinta, ana iya bin sabon mai gida bashin, wani lokaci ninki uku.

Idan ba ta ciki, hanya ta fi sauƙi. Dokar Afrilun 2024 da ta hana kora sai da dalili mai ƙarfi ta keɓe ƙananan masu gidaje da ba su wuce gida 10 ba, da kuma ginin da mai shi ke zaune a ciki in bai wuce gida 10 ba, don haka da alama ba za ta hau kanka ba, ko da yake dole notis ɗinka ya ɗauki sanarwar da ke bayyana hakan. Sauran sananne ne: notis, ƙara a kotun gidaje da ke Grand Concourse, hukunci, sannan jami'in da ake kira marshal ya ba ta kwana 14. Kada ka karɓi haya bayan wa'adin notis ya cika kafin ka shigar da ƙara, hakan na iya rushe notis ɗin. Ka kuma sani cewa mai ƙaramin ƙarfi irinta na iya samun lauya kyauta a ƙarƙashin dokar birnin ta 2017, kuma alƙali na da ikon jinkirta fitarwa har shekara guda idan ya ga wahalar za ta yi mata yawa. Tsohuwa mai zuwa asibiti, ka auna da kanka.

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuwa, shi ne zai iya karya maka ƙara tun kafin a fara. Ka duba takardar izinin zama ta gidan a shafin Ma'aikatar Gine-gine ta birnin, wato DOB. Idan ta ce iyali uku, kai kuma kana da huɗu, ka saɓa mata. Ɗakin da fiye da rabin tsayinsa ke ƙasa da matakin titi, a ƙa'ida ba wurin kwana ba ne. Sakamakon ya wuce tara: doka na hana mai gida neman kuɗin haya a kotu muddin saɓanin na nan, kuma akwai hukunce-hukuncen da suka shimfiɗa hanin a kan ginin duka. Lauyan dattijuwar zai gano wannan a rana ɗaya. Ban da shari'a ma, akwai rai a ciki. A ambaliyar guguwar Ida ta Satumban 2021, mutum 11 suka mutu a irin waɗannan ɗakuna a birnin nan, ruwa ya danne ƙofa ba mafita. Saurayin ma ba za ka kore shi da hannu ba, sai da yardarsa ko ta kotu. Ka kuma tabbata ka yi wa gidan rajista a sunanka a hukumar gidaje ta HPD, domin gini mai iyali uku dole ne a sabunta rajistarsa duk shekara, kuma wanda bai yi ba kan sha wuya a kotun gidaje.

Za ka tambaya ko za ka iya kai kamfanin ƙara. Za ka iya, amma ban cika sa rai ba. New York na bin ƙa'idar cewa mai saye shi zai buɗe idonsa, kuma yawancin alƙawuran da ke cikin yarjejeniyar ciniki suna mutuwa ranar da aka miƙa takardar mallaka, sai wanda aka rubuta cewa zai ci gaba. Idan yarjejeniyar ba ta ce za a ba ka gidan babu kowa ba, maganar dillali iska ce. Abin da ke rubuce a rajistar gwamnati, wanda kowa zai iya dubawa, da wuya kotu ta kira shi ɓoyewa. Inda za ka samu madafa shi ne idan sun rubuta ƙarya, a yarjejeniya ko a takardar bayyana halin gida, misali suka ce an yi aikin da izini alhali ba a yi ba. Ko a nan ma, irin waɗannan kamfanoni kan buɗe ne don gida ɗaya, a raba kuɗin a bar kamfanin babu komai a ciki. Wasiƙar lauya da ke neman su biya wani ɓangare ta fi arha, ita zan fara da ita. Ka tambaye su kuma kuɗin ajiyar dattijuwar, wato kuɗin jinginar da ɗan haya ke bayarwa lokacin shiga gida, domin doka ta ce a miƙa wa mai saye, kuma kai za ta tambaya ranar da ta tashi.

Shawarata ita ce sulhu, kuma ba don tausayi kaɗai ba, don aljihunka. Bankin ba zai daina cirar kuɗinsa ba yayin da ake ɗage zama. Idan buƙatar ita ce ƙanenka ya samu wuri, hawan da ka ba da haya zai iya komawa hannunku idan wa'adinsa ya cika, muddin ginin ba ya cikin tsarin ƙayyade haya. Idan kuɗin ne bai ishe ku ba, kuma bincike ya nuna ba ta cikin tsarin ƙayyadewa, kana iya ƙara mata haya da notis na kwana 90, ku daidaita a kan abin da za ta iya. Idan kuma dole sai wurinta, akwai kuɗin sallama: ka biya ta, ta tashi a ranar da kuka amince. Wannan halal ne, amma birnin ya kafa masa sharuɗɗa. Tayin ya zo da bayani a rubuce cewa tana da damar ƙi da damar neman lauya, kuma idan ta rubuto cewa a daina tuntuɓarta, a ƙyale ta kwana 180. Yawan ƙwanƙwasa ƙofa da aiken mutane na iya zama tsangwama a idon doka. Ni na fi so ta samu nata lauyan, domin kuɗi dunƙule na iya taɓa tallafin lafiya ko na tsufa da take karɓa, kuma yarjejeniyar da ta sa wa hannu ba ta gane ba ita ce ake warwarewa daga baya. Akwai cibiyoyin sasanci na al'umma a Bronx da ke zaunar da mai gida da ɗan haya. A rubuta komai, a biya ranar karɓar makulli.

Kafin nan, ci gaba da karɓar hayarta kana ba ta rasit, ka gyara abin da ya lalace a ɗakinta, ka gaishe ta in kun haɗu a ƙofa, ka daina zancen tashi. Ka kai wa lauyan da ya san kotun gidaje, ba lallai wanda ya yi muku ciniki ba, yarjejeniyar saye, takardar mallaka, rahoton binciken mallaka, takardar izinin zama, tarihin rajistar haya daga hukumar jiha ta HCR, da tsohon katin binciken gidan da ke shafin HPD, wanda sau da yawa yake nuna ɗaki nawa aka taɓa yankawa a ciki. Ka zo da ƙanenka, a duba ko sunansa na kan takardar mallakar, a kuma rubuta kason kowa.